Makulli Ɗaya ga Gida Duka: Yadda Linux Ta Shekara 15 Tana Cire Babban Makullinta

 

 Maganata ta yau a kan wani makulli ce da ya shigo tare da fitowar Linux ta 1996, ba a kuma samu an raba ta da shi ba sai a 2011. Waɗanda suka yi wannan aiki ba ragwaye ba ne, suna cikin gwanayen da duniya ke ji da su a fagen rubuta manhaja. To me ya riƙe su har shekara 15? Wannan tambaya nake so mu bi tare.

Bari mu fara da wurin da abin ya faru. Kowace babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta ko waya gaba ɗaya, tana da wani sashe a can tsakiyarta da ake kira kanel. Shi ke raba wa sauran manhajoji lokacin furosesa, shi ke ba su wuri a memori, shi ke magana da faifan ajiya da kibod da katin sadarwa. Manhajar da kake amfani da ita ba ta taɓa na'ura da hannunta. In tana son buɗe fayil, roƙon kanel take yi, ya shiga ya yi mata, ya dawo mata da amsa. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, kanel ce irin wannan, kuma ita ce ke ƙarƙashin Android ɗin da ke cikin Tecno ko Infinix ɗin da yawancinmu muka shigo da su ɗakin nan.

A shekarunta na farko, Linux furosesa ɗaya ta sani. Akwai kuma wata ƙa'ida da kowa ya dogara da ita ko da bai rubuta ba: idan manhaja ta shiga kanel, babu wata manhajar da za ta ture ta, sai in ita da kanta ta gama ta fita, ko ta kwanta barci tana jiran wani abu, kamar faifai ya kawo mata bayanai. Saboda haka mai rubuta kanel yana iya taɓa kowane jadawali hankalinsa kwance, ya san muddin bai yi barci ba, babu abokin aikin da zai sa masa hannu. Ku riƙe wannan ƙa'ida, domin duk labarin a kanta ya rataya.

Yanzu a ƙara furosesa na biyu. A ce kanel yana riƙe da lambar da ke nuna manhajoji nawa ne suka buɗe wani fayil, lambar kuma 5 ce. Furosesa na farko ya karanta 5. Kafin ya rubuta komai, na biyu shi ma ya karanta 5. Kowanne ya ƙara ɗaya, kowanne ya rubuta 6. Manhajoji 7 ne ke riƙe da fayil ɗin, amma littafin kanel ya ce 6. A lokacin babu abin da zai faru. Sai can an jima, da aka yi ta rufewa, lissafi ya kai sifili alhali saura manhaja ɗaya tana aiki. Kanel ya ɗauka kowa ya tashi, ya kwashe wurin ya ba wani. Daga nan sai bayanai su gurɓace ko kwamfuta ta tsaya cik, a wani wuri da ba shi da alaƙa da inda ɓarnar ta faro. Wannan shi ne rige-rige. Muguntarsa ita ce yana iya faruwa sau ɗaya cikin miliyoyin gwaji, ka zo nemansa ya ƙi fitowa, ka kai na'ura wajen mai ita ya bayyana.

Maganinsa sananne ne tun zamanin Edsger Dijkstra a 1965: a sa makulli, wanda ya riƙe shi ya taɓa bayanan, sauran su jira. Abin da ke da wuya shi ne sanin makullai nawa za a sa, kuma a ina.

Alan Cox, ɗan Birtaniya, shi ya ja ragamar koya wa Linux aiki da furosesa fiye da ɗaya a tsakiyar shekarun 1990, aikin da ya fito wa jama'a a Linux 2.0 cikin watan Yunin 1996. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya bi kanel layi-layi ya gano kowane jadawali ya yi masa makullinsa, ko ya sa makulli ɗaya tak a bakin ƙofa. Ya zaɓi ta biyu. Ku ɗauka babban gida ne mai ɗakuna da yawa, amma kwaɗo ɗaya ne a zaure: duk wanda ya shiga sai ya kulle a bayansa, ko da ɗakin girki kawai za shi, mai son zuwa rumbu kuwa sai ya tsaya a waje har wancan ya fito. Wannan shi ne babban makullin kanel, wanda aka fi sani da BKL. Manhajoji suna iya gudu a kan furosesa biyu a lokaci guda muddin suna waje, amma cikin kanel ɗaya bayan ɗaya ake shiga.

Ina so in tsaya in kare wannan shawara, domin na sha jin matasa masu karatun kwamfuta suna yi mata kallon kasala. Ba kasala ba ce. A 1996 kwamfuta mai furosesa biyu kayan kamfanoni ne da jami'o'i, masu rubuta Linux kuwa akasarinsu 'yan sa-kai ne. Da an ce sai an yi aikin dalla-dalla kafin a fito, da an share shekaru ba a fito ba, kuma da an cika kanel da kurakurai a wuraren da babu mai na'urar gwada su. Makulli ɗaya ya sa dubban layukan da aka rubuta don furosesa ɗaya sun ci gaba da aiki daidai ba tare da an taɓa su ba. Da ni ne a wurin, da sanin da ake da shi a lokacin, abin da zan yi ke nan.

Amma yana da tsada, kuma Gene Amdahl ya riga ya yi lissafinta tun 1967. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki dole sai an yi shi ɗaya bayan ɗaya, to furosesa 8 ba za su ba ka ko ninki 5 na sauri ba, kuma ko dubu ka tara ba za ka wuce ninki 10 ba. Sauran ƙarfin a layin jira zai ƙare. Don haka tun da wuri aka fara rage ikon babban makullin. Linux 2.2 ta 1999 ta fitar da wasu sassa daga ƙarƙashinsa, 2.4 ta 2001 ta fitar da manya-manya, har da harkar sadarwa. A 2002 aka shigo da dabarar RCU, wadda sunan Paul McKenney ya fi fitowa a kanta, inda masu karanta bayanai ba sa jiran kowa. Lokacin da 2.6 ta fito a Disambar 2003, hanyoyin da aka fi bi a kanel duk sun sami nasu makullan. Saura lunguna. A lungunan nan ne aka ƙara shekara bakwai da 'yan watanni.

Dalili shi ne wannan makulli yana da halaye biyu da makullin kirki ba shi da su. Na farko, wanda ke riƙe da shi yana iya sake ɗaukarsa sau nawa ya ga dama ba tare da ya kulle kansa ba. Kanel kawai yana ƙirga zurfin. Saboda haka kowa na iya rubuta lock_kernel, umarnin ɗaukar makullin, a duk inda zuciyarsa ta yi ɗar, bai damu da ko wanda ya kira shi ya riga ya ɗauka ba. Na biyu, wanda ya fi ban mamaki, da zarar mai riƙe da shi ya kwanta barci, sai kanel ya karɓe makullin ya ba wani, in ya farka a mayar masa. Wannan ba kuskure ba ne. Ku tuna ƙa'idar da na ce ku riƙe: a zamanin furosesa ɗaya, ba a taɓa maka kaya sai in ka yi barci. An ƙera BKL ne don ya kwaikwayi wancan zamani sak. Ya kuwa kwaikwaya, har ta kai ba a iya musanya shi da makulli na yau da kullum, domin na yau da kullum in ka ɗauke shi sau biyu ka kulle kanka, in ka yi barci da shi kuwa ka tsare kowa har ka tashi.

Ga kuma abin da na ɗauka shi ne ainihin cutar. Makulli mai kyau bayanai yake tsarewa. Kana iya nuna shi da yatsa ka ce: wannan na jadawalin kaza ne, duk mai taɓa jadawalin kaza sai ya ɗauke shi. BKL kuwa ba a taɓa faɗin abin da yake tsarewa ba, domin a ranar da aka haife shi komai yake tsarewa. Da aka yi ta janye sassa daga ƙarƙashinsa, sai ya zama yana tsare "abin da ya rage", kuma babu mahalukin da ke da jerin abin da ya rage. Ka buɗe direban wata tsohuwar na'ura, wato rubutun da kanel ke sarrafa ta da shi, ka ga lock_kernel a ciki. Me yake karewa? Wataƙila wani jadawali na cikin direban. Wataƙila wani abu a wani sashe can dabam wanda shi ma ke ɗaukar makullin. Wataƙila babu komai, an kwafo layin ne daga wani direba shekaru goma da suka wuce. Wanda ya rubuta ya bar aikin, na'urar kuma ba a sayar da ita yanzu. Mafi muni ma su ne direbobin da babu lock_kernel a cikinsu ko sau ɗaya, amma suna dogaro da shi, domin kanel ne ke ɗaukar musu shi daga sama kafin ya kira su, masu rubuta su ma ba su san da haka ba.

Daga 2005, da Intel da AMD suka fara sayar da furosesa mai ƙwaya biyu, wato furosesa biyu a haɗe wuri ɗaya, ga kowa da kowa, matsalar ta tashi daga ta manyan kamfanoni ta zama ta duk mai kwamfuta. A wajajen lokacin Ingo Molnar, ɗan ƙasar Hungary, ya sauya wa makullin ciki yadda mai jiransa zai kwanta maimakon ya tsaya yana ta zagaye a wuri ɗaya, kuma a iya dakatar da mai riƙe da shi in wani aikin gaggawa ya taso. Wannan ya taimaki masu aikin sauti da masu sarrafa injuna, waɗanda jinkirin ɗan ƙanƙanin lokaci ke ɓata musu aiki.

Sai 2008 ta zo da abin da ya tayar da kowa. Ana shirya Linux 2.6.26, aka sake rubuta nau'in makullin da BKL ke zaune a kai, aka mai da shi mai adalci: wanda ya fara zuwa layi shi za a fara ba. Wani injiniyan Intel, Yanmin Zhang, ya auna da gwajin AIM7 ya ga sauri ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Dalilin abin a yi nazari ne. Na gaban layi barci yake yi. In aka miƙa masa makulli, sai an tashe shi, an samo masa furosesa, kafin ya fara aiki, a duk tsawon lokacin nan kuma makullin na hannunsa babu abin da ake yi da shi, masu ido biyu suna tsaye. Torvalds ya yanke hukunci a watan Mayun shekarar: a mayar da BKL yadda yake a da, mai zagaye a wuri ɗaya. Sauri ya dawo, amma masu buƙatar amsa cikin gaggawa suka koma gidan jiya. Matsayinsa a bayyane yake: ba za a ci gaba da yi wa makullin kwaskwarima ba, mai jin zafinsa ya zo a cire shi. Molnar ya duba ya ga har lokacin akwai wurare fiye da dubu da ke ɗaukarsa, kuma in aka ci gaba da tafiyar da ake yi, sai an haura shekara goma. Sai ya buɗe reshen aiki na musamman don kashe shi.

Dabarar da ta yi aiki tana da sauƙin faɗa, kuma ita nake so ɗalibai su tafi da ita. Ba a cire makullin ba tukuna, tura shi ƙasa aka yi. A cire kwaɗon daga zaure, a maƙala irinsa a ƙofar kowane ɗaki, duk da mabuɗi ɗaya. A ranar farko babu abin da ya sauya, har yanzu mutum ɗaya ne ke iya aiki a lokaci guda. Amma yanzu dogaron da ke ɓoye ya fito fili, an rubuta shi a cikin kowane direba, mai kula da direban yana ganinsa da idonsa, yana kuma iya yanke hukunci a kan ɗakinsa shi kaɗai ba tare da ya jira sauran gida ba. Jonathan Corbet, wanda aka fi sani da rubuce-rubuce a kan kanel, shi ya ɗauki nauyin wannan a wajen buɗe na'urori a 2008: ya cire makullin daga hanyar da kowa ke bi, aka bi direbobi ɗaya-ɗaya ana saka musu.

A cikin wannan aiki aka ci karo da wani abu da ke nuna zurfin ramin. Akwai direbobin da aikinsu na buɗewa kusan fanko ne, ba ya taɓa komai. Kowa zai ce wannan ba ya buƙatar makulli. Ashe wasunsu suna sanar da kanel cewa na'ura ta samu tun kafin su gama shirya ta, suna riƙe da babban makullin. Mai zuwa buɗewa, da yake dole ya jira makullin, sai ya zama ya jira an gama shiri ba tare da kowa ya nufa ba. Cire makullin a nan na nufin manhaja ta shiga ta tarar da na'ura rabi a shirye. Har sai da aka ƙirƙiro wani ɗan aiki mai suna cycle_kernel_lock, wanda ba ya komai sai ya ɗauki makullin ya sake shi nan take, don kawai a tabbata an jira. Duk wanda ya fahimci dalilin wannan ɗan aiki ya fahimci me ya sa aka shekara 15.

Haka aka yi ta bi. Hanyar ioctl, wadda manhajoji ke aika wa direbobi umarni na musamman ta cikinta, an buɗe mata sabuwar ƙofa marar makulli tun 2005, amma sai a 2.6.36 ta 2010 aka gama kwashe kowa aka rushe tsohuwar. Frederic Weisbecker ya sha fama da tsarin fayil na reiserfs, wanda ya dogara da halayen nan biyu har wuya, dole ya ƙera masa makullinsa na kansa mai kwaikwayon su. Sashen tty, mai kula da tashoshin rubutu, wanda Alan Cox ya daɗe yana warware shi, an ba shi nasa babban makullin na sashe. Arnd Bergmann, Bajamushe, shi ya ja zangon ƙarshe. Inda direba ba ya raba komai da kowa, ya sa an musanya masa BKL da makulli nasa shi kaɗai. A wajen llseek, mai matsar da wurin karatu a cikin fayil, ya yi amfani da Coccinelle, manhajar da Julia Lawall ke jagoranta, wadda ke iya gyara ɗaruruwan fayiloli bisa ƙa'ida ɗaya.

Kada wani ya ɗauka yawan makullai alheri ne zalla. Da makulli ɗaya ba a kiki-kaka. Da biyu ana yi: wannan ya riƙe na farko yana jiran na biyu, wancan ya riƙe na biyu yana jiran na farko, su tsaya har abada. Abin da ya ba masu aikin ƙarfin gwiwa shi ne lockdep, wanda Molnar ya shigo da shi a 2.6.18 cikin 2006. Yana lura da jerin da ake ɗaukar makullai yayin da kanel ke gudu, in ya ga an taɓa ɗaukar na farko kafin na biyu a nan, an kuma yi akasin haka a can, sai ya yi ƙara tun kafin kiki-kakar ta auku. BKL, saboda baƙin halayensa, ba ya cikin abin da lockdep ke gani. Duk wurin da aka mayar kan makulli na yau da kullum, wuri ne da ya shigo ƙarƙashin idon mai gadi. Ni a ganina wannan riba ta fi ta sauri girma.

An kuma yi asara, ya kamata a faɗa. Akwai sassan da aka rasa mai ɗaukar nauyinsu. Tsohon smbfs, na shiga fayilolin kwamfutocin Windows, da tsohon autofs, an ajiye su gefe, daga baya aka share, tunda akwai cifs da autofs4 da suka gaje su. Wasu kuwa, irin su hpfs, da aka yi shelar za a fitar da su, sai masu amfani da su suka fito suka gyara. Na ga adalci a wannan tsari: ba a share komai a ɓoye ba, an sanar, an ba da lokaci, wanda ke so ya zo ya riƙe.

A Janairun 2011, Linux 2.6.37 ta zama ta farko da mutum zai iya haɗa kanel ɗinsa ba tare da BKL ba. A watan Mayu, cikin 2.6.39, Bergmann ya goge ragowarsa gaba ɗaya. A daidai wannan tsakani, ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011, wayoyi masu ƙwaya biyu suka fara shiga kasuwa. Yau waya mai ƙwaya takwas ba ta fi ƙarfin ɗalibi ba.

Ɗalibaina, ga abin da nake roƙonku. Za ku rubuta manhajojin da abubuwa da yawa ke gudu a cikinsu lokaci guda, ko na banki, ko na asibiti, ko na rajistar makaranta. In lokaci ya ƙure muku kuka sa makulli ɗaya babba, ban ga laifinku ba. Amma a ranar, kafin ku tashi daga kujera, ku rubuta a gefensa sunan kowane jadawali da kowace lamba da yake tsarewa. Kada ku bari a sake ɗaukarsa a kan kansa, domin ranar da kuka yarda da haka kun daina sanin wa ke riƙe da shi. Kuma kada ku raina aikin bin tsohon rubutun wani kuna tambayar me wannan layi ke yi. Yawancin waɗanda suka cire BKL ba sabon abu suka ƙirƙiro ba, karatu suka yi, na direbobin na'urorin da wasunsu ba su taɓa gani da ido ba, don kada kwamfutar wani da ba su sani ba ta tsaya.

Ba Linux kaɗai ta bi wannan hanya ba. FreeBSD, wata babbar manhajar dabam, ta fara nata aikin a shekarar 2000, ta sa wa makullinta suna Giant, ta fito da sakamakon farko a FreeBSD 5.0 cikin Janairun 2003, kuma shekaru da yawa bayan nan tana ta gargaɗin cewa direbobin da suka ƙi rabuwa da shi za a iya cire su. Saɓani a kan yadda ya kamata a yi aikin yana cikin abin da ya sa Matthew Dillon ya ware ya kafa DragonFly BSD a 2003. Masu koyon Python a cikinku kuwa kuna zaune da irin wannan makulli, GIL, wanda sai a Python 3.13 ta Oktoban 2024 aka fara fitar da nau'in gwaji marar shi.

A cikin Linux ɗin ma da sauran aiki. Sashen sadarwa yana da makulli mai suna rtnl, wanda ake ɗauka a duk lokacin da za a sauya saitin hanyoyin sadarwa. A kwamfutar gida ba a jin nauyinsa, amma a manyan na'urorin da ke ɗauke da ɗaruruwan keɓaɓɓun manhajoji, kowacce da nata saitin, layin jira yakan yi tsawo. A 'yan shekarun nan ana ta rarraba shi ta hanyar da muka gani: a tura shi ƙasa, a tantance abin da kowane wuri ke tsarewa, a saki wanda ba ya buƙata. Rubutun a buɗe yake ga kowa, kuma wanda ya iya harshen C a ɗakin nan yana iya sauke shi yau ya fara karantawa.

Nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.